Me Ya Sa Ruwan Sanyi Ke Sukar Haƙori?

Wanda ya yi azumi a zafin Afrilu ya san darajar ƙanƙara da la'asar sakaliya. An wuni ana lissafinta, an aiki yaro ya bi layi ya sayo, an fasa an zuba a zoɓo ko kunun aya. Ladan na cewa Allahu akbar, mutum ya kai kofi baki, ya yi kurɓi ɗaya, sai ya ji wani abu ya tsarga masa daga haƙori har tsakar ka, kamar an soka masa allura. Ya dafe kunci, ya runtse ido. Kafin na kusa da shi ya gama tambayar "Lafiya?" abin ya wuce kamar ba a yi ba. Da hunturu ma haka ne: kurkurar bakin alwalar asuba da ruwan da ya kwana a buta ta isa ta sa dattijo ya ɗaga kai sama. Wani ma ko ruwa bai sha ba, iskar da ya shaƙa ta baki a kan babur ce ta yi masa wannan aika-aika.

A gida akan ce sanyi ne ya kama haƙorin, ko kuma tsutsa ce ke motsi a ciki. Zancen tsutsa tsoho ne ƙwarai, don mutanen Babila da Sin da Turai duk sun yi zamani da shi, amma babu wata tsutsa. Shi kuwa sanyi, gaskiya yana da hannu, sai dai shi ba ya shiga inda ba a buɗe masa ƙofa ba. Mutum biyu za su sha daga kofi ɗaya, ɗaya ya tauna ƙanƙarar ƙarau-ƙarau, ɗayan ya kasa haɗiye kurɓin farko. Bambancin yana jikin haƙorin.

Haƙori hawa uku ne. Farin da muke gani a waje shi ne ɓawo, likitoci na kiransa inamel. Babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, ko ƙashi bai kai shi ba, domin kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne zalla. Ba shi da jijiya, ba shi da jini, ba ya jin komai. A kan tsinin turmi kaurinsa kan kai kamar milimita 2 da rabi, amma yana sirancewa yayin da yake gangarowa, har ya zama kamar takarda a wuyan haƙori, wato daidai inda haƙori ya haɗu da dasashi. Ƙarƙashin ɓawon akwai dantin, mai ɗan rawaya-rawaya, wanda shi ne mafi yawan jikin haƙori. A can tsakiya kuma akwai ɓargo, inda jijiyoyi da hanyoyin jini suke kwance. Saiwar haƙori, wadda ke ɓoye cikin dasashi, ba ta da inamel ko kaɗan. Wani siririn lulluɓi ne kawai a kanta, mai laushin da buroshi kan iya share shi cikin ɗan lokaci idan dasashi ya janye ya bar shi a fili.

Duk rikicin a dantin yake. Idan aka sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai a ga ashe ba dunƙule yake ba, huje yake da kafofi sirara kamar rariya, kowace kafa ta miƙe daga ɓargo zuwa waje. A filin da bai wuce milimita ɗaya tsawo da faɗi ba, akan ƙirga kafa wajen 20,000 a kusa da ɓawo, har zuwa wajen 45,000 a kusa da ɓargo. Kowace ɗaya ta fi gashin kai sirantaka nesa ba kusa ba, kuma kowace cike take da ruwa.

Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne, jijiyoyi ba su kai bakin waɗannan kafofi na waje ba. A can ciki suke tsayawa, kusa da ɓargo. To ta yaya sanyin da ya taɓa saman dantin zai sa mutum ya zabura nan take, alhali sanyin bai ma ratsa ya kai ga jijiyar ba? A 1900 wani likitan haƙori na Siwizalan, Alfred Gysi, ya ce watakila ruwan cikin kafofin ne ke motsi. Maganar ta kwanta fiye da shekara sittin, sai a shekarun 1960 Martin Brännström na ƙasar Suwidin ya ɗauko ta ya yi mata gwaje-gwaje. Ya riƙa hura iska a kan dantin da aka buɗe, ya riƙa ɗora busasshiyar takarda mai tsotse ruwa, ya ga duk abin da ya janyo ruwan kafofin waje da sauri yana haifar da zafi. Har yau bayaninsa shi ne wanda aka fi yarda da shi a makarantun likitan haƙori.

A taƙaice, idan sanyi ya taɓa dantin, ruwan da ke bakin kafa yakan tsuke, sai na ciki ya yunƙuro waje da gudu ya cike gurbi. Wannan fizgar ita ke girgiza jijiyoyin da ke gindin kafar. Irin waɗannan jijiyoyi kuwa ba su san wani yare ba sai ciwo. Ko me ya taɓa su, saƙon da suke aikawa ƙwaƙwalwa ɗaya ne, kuma masu saurin aike ne, shi ya sa sukar ke zuwa farat ɗaya ta kuma tafi farat ɗaya. Abu mai zafi yakan tura ruwan zuwa ciki ne a hankali, don haka shayi bai cika yin abin da ƙanƙara ke yi ba. Wannan bayanin ne kuma ya warware dalilin da ya sa alewa ko zuma ko dabino mai danƙo ke sukar haƙori ɗaya da sanyi ke suka: sukari mai kauri yana zuƙo ruwa daga cikin kafofin, kamar yadda gishiri ke fitar da ruwa daga yankakkiyar albasa.

Akwai wani lissafi da ya burge ni a nan. A shekarun 1980 an kwatanta haƙoran da ke jin sanyi da waɗanda ba sa ji a Birtaniya, aka tarar masu jin suna da buɗaɗɗun kafofi kusan ninki takwas, kuma kafofin sun kusan ninka na sauran faɗi. Mutum zai ce ninki biyu ai ba wani abu ba ne. Amma a ƙa'idar gudun ruwa cikin bututu, idan faɗi ya ninka sau biyu, ruwan da ke wucewa yakan ninka sau 16. Ka haɗa wannan da yawan kafofin, sai ka gane yadda haƙori zai yi shekaru lafiya ƙalau, sannan cikin 'yan makonni ya koma ba a iya kusantarsa da ruwan randa, balle na firji.

A 2021 an ƙaro wani haske. Wasu masu bincike a Jamus da Amurka, cikinsu akwai Katharina Zimmermann da David Clapham, sun nuna cewa ƙwayoyin halittar da ke jere a bangon ɓargo, waɗanda aikinsu ƙera dantin, su ma suna jin sanyi da kansu. Suna da wata 'yar ƙofa a jikinsu mai suna TRPC5 wadda ke buɗewa idan sanyi ya zo, kuma an ga ta fi yawa a haƙoran da suka ruɓe. Mafi yawan gwajin a kan ɓeraye aka yi, saboda haka kada a ɗauka an gama magana. Abin da zai sa Bahaushe murmushi shi ne, sinadarin da ke cikin man kanumfari, wato yujinol, yana toshe wannan ƙofa. Ashe tsohuwar da ke cewa a danna kanumfari a haƙori mai ciwo ba shaci-faɗi take yi ba. Likitocin haƙori ma sun daɗe suna kwaɓa yujinol cikin cikon wucin gadi, shi ne ƙamshin nan da ke tarbar mutum a ƙofar ɗakinsu. Sai dai kanumfari kwantar da zafi yake yi na ɗan lokaci, ba ya mayar da abin da ya zaizaye.

To me ke yaye wa dantin mayafi? Idan aka tambayi mutane, sukari za su fara ambata. Sukari yana da laifinsa wajen kogon haƙori, amma a wannan matsalar babban mai laifi tsami ne. Ai muna da kalmarsa tun da can: yaro ya sha tsamiya ko ɗanyen mangwaro ya ce haƙoransa sun mutu, ya kasa tauna tuwo. Wannan mutuwar haƙori ita ce alamar tsami ya ci saman ɓawo ya tausasa shi. Masana na auna tsami da ma'aunin da suke kira pH. Ruwa yana kan 7, kuma duk matakin da aka sauko, tsamin ya ninka sau goma. Inamel kan fara narkewa idan aka sauko ƙasa da 5.5, dantin kuwa tun sama da 6 ya fara ba da kai. Lemon kwalba mai launin baƙi yana wajen 2.5. Lemon tsami yana nan kusa da shi. Zoɓo da ruwan tsamiya da ruwan lemon zaƙi duk suna ƙasa da 4. Lemon kwalbar da aka rubuta babu sukari a jikinsa ma tsaminsa na nan daram, don haka mai ciwon sukarin da ya koma gare shi ya tsira ta wani gefen ne kawai. Nono da kindirmo, duk da tsaminsu, ba su cika cin haƙori ba, domin suna ɗauke da irin ma'adinan da aka gina haƙorin da su.

Yawan abin da aka sha bai kai yadda aka sha shi muhimmanci ba. Yawu yana wanke tsami, ya kuma mayar wa ɓawo ma'adinin da ya rasa, amma yana bukatar lokaci. Wanda ya shanye kwalba ɗaya tare da abinci ya tashi ya fi sauƙi a kan wanda ya ajiye ta a gefen kanti yana kurɓa kaɗan-kaɗan daga azahar zuwa la'asar, don shi haƙoransa a jiƙe suke cikin tsami tsawon wuni. Akwai kuma tsamin da ke fitowa daga ciki, wanda ya fi na kwalba ƙarfi. Mai fama da ƙwannafi, da mai ciki da laulayi ya sa ta yawan amai, sukan sami zaizayar ne ta bayan haƙoran sama, inda madubi ba ya nunawa.

Sai mu zo kan abin da ya fi ba ni takaici, domin masu tsabta ya fi kamawa. Mutum ya sha abu mai tsami, ya ji bakinsa ya yi wani iri, sai ya ɗauki buroshi mai taurin gashi, ya labta makilin, ya shiga dirza hagu da dama kamar mai wankin tukunya. A wannan lokacin saman ɓawon a tausashe yake, abin da yawu zai gyara da an ba shi rabin sa'a zuwa sa'a guda, shi buroshi ke kankarewa. Tsami ya jiƙa, buroshi ya kwashe. Shekara da shekaru a haka sai ka ga wani ɗan kwari ya fito a wuyan haƙori kamar an sara da gatari, dasashi ya ja baya, saiwa ta leƙo. Fiƙa da ƙananan turamen da ke bayanta su suka fi shan wannan wahala, domin su ne a kwanar baki inda hannu ya fi dannawa. Likitoci sun ma lura cewa mai amfani da hannun dama ya fi lalata gefen hagu.

Asuwaki bai fita daga wannan ba, kuma a nan ina so a fahimce ni. Asuwaki sunna ne, yana kuma tsabtace haƙora sosai idan an tauna bakinsa ya yi laushi, aka bi da shi daga dasashi zuwa tsinin haƙori. Matsalar ita ce wanda ke yawo da busasshen itace a baki tun safe, yana gurzar wuri ɗaya a kwance yana hira. Binciken da aka yi a Saudiyya ya nuna janyewar dasashi ta fi yawa ga masu yawan gurzawa haka. Gawayi da toka da gishiri da ake dakawa don a fitar da jan goro su kam ba ni da abin da zan kare su da shi. Suna haskaka haƙori ne ta hanyar kankare samansa, kuma da ɓawo ya sirance sai rawayan dantin ya fara bayyana, mutum ya ga haƙora sun ƙara duhu, ya ƙara ƙarfin dirza. Garin gyaran gira a rasa ido.

Sauran dalilan ba sai an daɗe a kansu ba. Ciwon dasashi, wanda dauɗar da ta daskare ke jawowa, yana cin ƙashin da ke riƙe da haƙori ya tone saiwa. Tsagewa tana zuwa daga buɗe kwalba da haƙori, fasa ƙashi, tauna ƙanƙara, ko tsakuwar da aka ci karo da ita a wake. Wasu kan ciji haƙora cikin barci ba su sani ba sai matarsu ta gaya musu. Magungunan faranta haƙori da ake tallatawa a intanet kan sa jin sanyi na 'yan kwanaki. Haka ma bayan wankin haƙori a asibiti ko sabon ciko, kuma wannan yakan lafa da kansa. Mutane da yawa kan ce wankin ne ya ɓata musu haƙori, alhali dauɗar da aka ɓamɓare ce ta kasance tana rufe saiwar da tuni ta tonu.

Tambaya mafi amfani da mai wannan matsala zai yi wa kansa ita ce: bayan na haɗiye ruwan, zafin yakan ɗauki tsawon wane lokaci? Idan suka ce ta daƙiƙa biyu ko uku, ta tafi da tafiyar sanyin, galibi dantin ne a buɗe, ɓargon kuma lafiyarsa lau. Idan kuwa zafin ya zauna ya wuce rabin minti yana zugi, ko yana tasowa haka kawai ba a sha komai ba, ko yana ta da mutum cikin dare, to ɓargon ne ya kumbura, kuma babu makilin da zai yi maganinsa. Akwai ma matakin da abin ke juyewa: shayi ya zama abokin gaba, ruwan sanyi ya zama shi ke kwantar da ciwon, har ka ga mutum ya shigo asibiti riƙe da ledar fiya wata mai sanyi yana guntsa. Wannan alama ce ta cewa ɓargo ya kusa mutuwa. Zafin da ke zuwa lokacin da aka ciji abu ko aka saki cizon yakan nuna tsagewa. Haƙori ɗaya tak da ke suka, wanda mutum zai iya nuna shi da yatsa, shi ma ya cancanci a duba shi, don kogo kan ɓuya a tsakanin haƙora biyu inda ido ba ya kaiwa. Kumburin fuska da zazzaɓi kuwa ba a kwana da su a gida.

Ga mai sukar nan ta 'yan daƙiƙu, magani na farko makilin ne na musamman, kuma iri biyu ne. Akwai mai ɗauke da sinadarin fotasiyam, yawanci kashi 5 cikin 100, wanda ke ratsa kafofin ya sanyaya jijiya ta rage zabura. Akwai kuma masu toshe kafofin da kansu, kamar mai sinadarin fuloraid ɗin da aka haɗa da kuza, ko mai sinadarin ajinin da alli, ko mai wani garin gilashi da ke narkewa cikin yawu ya zama ma'adini. Sensodyne, wanda ya fito a 1961, shi ne sunan da aka fi sani a kantunan magani, amma Colgate da Oral-B duk suna da nasu, kuma abin dubawa shi ne sinadaran da aka rubuta a bayan kwali. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauke shi kamar ƙwayar ciwon kai: a goga yau, gobe a ce bai yi ba. Sai an yi sati biyu zuwa huɗu ana gogawa safe da dare kafin a ga aikinsa sosai, kuma idan aka daina, sukar kan dawo. Bayan an goge a tofar da kumfar kawai, kada a kurkure da ruwa. Na san wannan yana yi wa mutanenmu nauyi, mun saba sai mun kurkure sau uku, amma kurkurewar zubar da maganin ce. Mutum na iya lakatar ɗan kaɗan a yatsa ya shafa a wuyan haƙorin kafin ya kwanta.

Buroshi ya zama mai laushi, a riƙe shi da 'yan yatsu kamar alƙalami maimakon a dunƙule shi a tafi. Bayan zoɓo ko lemo ko amai, a kurkure da ruwa zalla a jira, kada a goge nan take. Da azumi, lokacin da baki ya wuni a bushe, ya fi kyau a fara da dabino da ruwa, a bar mai tsamin ya biyo tare da abinci. Tsinken zuƙa yana taimakawa, don yana wuce da abin sha bayan haƙora.

Idan wata guda ya wuce babu sauƙi, sai asibiti. Asibitocin koyarwa da manyan asibitocin jihohi suna da sashen haƙori. A can likita kan shafa wani fenti mai fuloraid wanda ƙarfinsa ya ninka na makilin kusan sau 15, ko ya lulluɓe wurin da wani ɗanko mai toshe kafofi, ko ya cike kwarin da buroshi ya sara da ciko mai launin haƙori. Inda dasashi ya janye da yawa akwai aikin da ake yi a dasa nama a rufe saiwar. Cire jijiya shi ne na ƙarshe, cire haƙorin gaba ɗaya kuwa bai kamata ya shigo zancen ba, duk da cewa shi mutane da yawa ke zuwa suna roƙo: "Likita, ka cire shi kawai in huta." Abin da ya kamata a guje masa shi ne ɗiga ruwan batir ko fetur ko man birki, da danna ƙwayar asfirin a jikin dasashi. Waɗannan ƙona nama suke yi, ruwan batir kuma tsami ne mafi muni, wato ainihin abin da ya jawo matsalar. Man kanumfari ma idan ba a sirka shi ba yana ƙona dasashi, kuma ba a ba yara.

Wani abin mamaki shi ne, sanyin da mara lafiya ke gudu shi ne kayan aikin likita. Zai fesa wani ruwa mai tsananin sanyi a ɗan auduga, ya ɗora a haƙori ɗaya bayan ɗaya, yana kallon fuskar mutum yana ƙirga daƙiƙu. Wanda ya soka ya saki, yana da rai kuma da sauƙi. Wanda ya soka ya riƙe, ɓargonsa na cikin matsala. Wanda likita ya fi tsayawa a kansa shi ne haƙorin da aka ɗora masa audugar bai ji komai ba, musamman idan mai shi ya ce, "Ai wannan a da shi ne ke hana ni barci, amma yanzu alhamdu lillahi ya warke." Sau da yawa jijiyar ce ta mutu, ƙwayoyin cuta kuma sun gangara ƙarshen saiwa suna tara mugunya a cikin ƙashi, sai hoto ne zai nuna.